BASHI HANJI NE: YADDA ZA MU GYARA SUNANMU A LITTAFIN MASU BA DA RANCE

(Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiyarmu)

 

   'Yan uwa maza da mata 'yan asalin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda kuka baro harkokinku a Kano da Kaduna da Abuja da Ikko da Fatakwal domin amsa kiran gida, assalamu alaikum.

Lokacin da kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan bashi da katin bashi na banki, sai na yi dariya, na ce me tsohon hedimasta ya sani game da banki ban da layin karɓar fansho? Amma da na tuna yawan ɗalibaina na da waɗanda suka zo gidana a 'yan shekarun nan da kuka iri ɗaya, cewa sun nemi rance an hana su saboda wai sunansu ya ɓaci a kwamfuta, sai na ga wajibi ne in yi tambaya, in yi karatu, in kawo muku abin da ya sawwaƙa.

DARASIN DA NA KOYA A KANTIN ƘAUYE

Bari in fara da tona asirin kaina. A farkon shekarun 1980, ina sabon malami da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu, an tura ni wani ƙauye a ƙasar Doguwa. Sallah ta matso, ga ƙuruciya, sai na je wajen mai kantin garin na ɗauki shadda da takalmi da fitila a kan sai ƙarshen wata. Ya buɗe wani tsohon littafi ya rubuta da ajami. Wata ya ƙare, albashi ya yi jinkiri, na biyu ma haka. Maimakon in je in gaya masa gaskiya, sai na canja hanyar zuwa makaranta, ina zagayawa ta bayan gari cikin raɓa. Kafin wata uku, mahauci ya daina yanka mini tsoka sai ya ga kuɗi, mai itace ma haka, alhali ban taɓa cin kwabonsu ba.

Da labari ya kai kunnen mahaifina, Allah Ya jiƙansa, bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi in je da ƙafata in zauna a gaban mutumin, in faɗi abin da zan iya biya kowane wata, kuma kada in saɓa ko da kwana ɗaya. Na yi hakan har na gama. Bayan nan mai kantin bai ƙara ba ni shadda ba. Sabulu da kananzir ya riƙa ba ni, yana kallon yadda nake biya. Sai da aka shekara sannan ya ce, "Malam, ɗauki abin da kake so." Jama'a, duk abin da zan faɗa a yau yana cikin wannan ɗan labari. Abin da ya canja kawai shi ne littafin.

GADONMU NA AMANA

Mu mutanen wannan yanki ba baƙin rance ba ne. Mun san adashi, mun san jingina, mun san ba-da-kaka, inda manomi kan karɓi kuɗi da damina ya biya da hatsi bayan girbi. A garin Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa fatake. Ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, sannan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano ya zama babban mai sayen gyaɗa, kuma kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Kasuwancinsa a kan lamuni ya ginu: kamfanonin Turawa su amince masa, shi kuma ya raba kuɗi ga wakilansa su shiga ƙauyuka su sayo kaya. Wanda ya dawo da lissafi cikakke a ƙara masa jari baɗi, wanda ya ci amana kuwa ya rufe wa kansa ƙofa. Tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa, Alhaji Aliko Ɗangote, shi ma da rance daga dangin mahaifiyarsa ya fara kasuwanci a ƙarshen shekarun 1970. Ashe karɓar rance ba abin kunya ba ne. Rashin biya ne abin kunya.

Addininmu ma bai yi wasa da wannan al'amari ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take, tana umarni da a rubuta shi, a ƙayyade lokacinsa, a kafa shaidu. Malamanmu kuma sun sha karantar da mu yadda aka kawo gawar wani mai bashi, Manzon Allah (SAW) ya dakata da yi masa salla har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

SABON LITTAFIN MAI KANTI

A da, in mutum ya ɓata sunansa a kasuwar Kwanar Ɗangora, yana iya tattara komatsansa ya koma Ikko ya zama sabon mutum. Wannan zamani ya wuce. A watan Fabrairu na 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda ke haɗe da zanen yatsun mutum da hotonsa, kuma ita ɗaya ce tak ko da asusu goma gare shi. Akwai kuma kamfanoni uku masu lasisi waɗanda aikinsu shi ne adana tarihin bashin jama'a, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry. A watan Mayu na 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a kan dokar da ta tsara aikinsu. Bankuna manya da ƙanana, da kamfanonin ba da rance ta waya da dama, suna aika musu da bayanin wanda ya karɓa, da nawa ya karɓa, da yadda yake biya. Kafin banki ya ba ka rance, ƙa'ida ce sai ya duba wannan littafi. Bayanin kuma ba ya gogewa da wuri, domin doka ta ce a riƙe shi aƙalla shekara shida.

Daga wannan tarihi ne ake fitar wa mutum maki, kamar yadda muke yi wa yara a ƙarshen zango. Makin da CRC ke bayarwa yana tashi daga 300 zuwa 850. Iya yawansa, iya amincin da ake yi da kai. Daga Amurka aka kwaikwayo tsarin, inda kamfanin FICO ya fito da irin wannan maki a 1989. A lissafinsu, kashi 35 cikin 100 na makin yana ga biya a kan lokaci, kashi 30 yana ga yawan bashin da ke kan mutum, sauran kuma an raba shi tsakanin daɗewar hulɗa da yawan neman sabon rance da ire-iren bashin da mutum ya taɓa ɗauka. Kun ga ke nan kusan biyu bisa uku na jarrabawar tambaya biyu ce: kana biya a kan kari? Kana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinka?

Bugu da ƙari, tun daga 1 ga Agusta, 2020, akwai tsarin da ake kira GSI. A cikin takardun da mai karɓar rance ke sa wa hannu, yana ba banki izinin cewa in ya ƙi biya, a bi lambarsa ta BVN a ɗebe kuɗin daga duk wani asusu nasa a kowane banki. Don haka dabarar rufe wannan asusu a buɗe wancan ta daina aiki.

YADDA SUNAN 'YA'YANMU KE ƁACI

Na lura da hanyoyi huɗu. Ta farko ita ce rancen waya. Wani ɗalibina, ma'aikaci mai mutunci, ya nemi banki ya saya masa mota ya riƙa biya a hankali, aka ƙi. Da ya bincika, sai ya tarar da wani ɗan rance ne na 'yan dubbai da ya karɓa ta waya shekara biyu baya, ya canja layi ya manta da shi. Ƙaramin ƙaiƙayi ya hana shi babbar riga.

Ta biyu ita ce ɗaukar rancen gwamnati a matsayin rabon ganima. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Jihar Kebbi, kuma Babban Banki ya zuba masa sama da naira tiriliyan ɗaya. Wasu manoman ambaliya ko fari suka karya su, waɗannan abin tausayi ne. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, akwai waɗanda suka sayar da takin a bakin hanya, suka ce kasonsu ne na arzikin ƙasa. Da BVN aka karɓa, kuma takarda ba ta mantuwa.

Ta uku ita ce tsaya wa wani ba tare da sanin halinsa ba, ko ba shi aron lambar BVN da layin waya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ta huɗu kuwa, iyayena ku yi mini afuwa, laifinmu ne mu na gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, rayuwar birni ta yi tsanani, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Duk da haka muna buga wa yaro waya: kuɗin taki, kuɗin lefen ƙaninsa, ragon suna, ɗinkin Sallah. Shi kuma kunya ta hana shi cewa babu, sai ya danna waya ya ci bashi ya turo, mu yi ta sa masa albarka ba mu san wuta muka tura shi ba.

MENE NE KATIN BASHI?

Katin da yawancinmu ke riƙe da shi, wanda muke miƙa wa masu POS, katin cirar kuɗi ne. Abin da ka ajiye shi kake ɗiba. Katin bashi kamarsu ɗaya a ido, amma kuɗin da ke cikinsa na banki ne. Za a yanka maka iyaka, a ce naira 200,000, ka riƙa sayayya, a ƙarshen wata a turo maka lissafi tare da ranar biya. In ka biya duka kafin ranar, ba a ɗora maka ruwa a kan sayayyar. In ka bar saura, ruwa ya fara hawa. A ƙasarmu galibi masu albashi da 'yan kasuwa masu tsayayyen ciniki ake ba wa. Amfaninsa ga mai son gyara suna shi ne, kowane wata ana rubuta masa cewa ya ɗauka ya biya, kamar dai sabulu da kananzir ɗin da mai kanti ya gwada ni da su.

Sai dai akwai tarko a ciki, wato abin da suke kira mafi ƙarancin biya. Bari mu yi lissafin aji huɗu. Mu ƙaddara mutum ya cinye naira 200,000 ɗin nan, kuma ruwan kashi 3 cikin 100 ne a wata. Naira 6,000 ke nan kowane wata. In ya biya naira 10,000, to 4,000 kacal ya rage daga uwar kuɗi. In kuwa ruwan kawai yake biya, zai zubar da naira 72,000 a shekara, bashin yana nan ko gezau. Ga wanda ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, wannan ya fi albashin wata guda.

MAGANAR RIBA

Na san tambayar da ke zukatan malamanmu, kuma ba zan tsallake ta ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi hulɗa da katin bashin da aka shardanta ruwa a cikinsa ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin ruwan ya hau. Wasu malamai sun yi rangwame ga mazauna ƙasashen Turai da Amurka, inda haya da sauran buƙatu kan dogara da wannan maki, da sharaɗin biya duka a kan lokaci. Kowa ya koma ga malaminsa kafin ya sa hannu.

Alhamdu lillahi, a yau muna da mafita a gida. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, dukkansu ba sa hulɗa da ruwa. Ta hanyar murabaha, banki zai sayi kaya, a ce injin ban ruwa ko keken ɗinki, ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kashi-kashi. Su ma suna kai rahoto ga kamfanonin nan uku. Saboda haka duk shawarar da zan bayar ta shafi mai kati da mai murabaha baki ɗaya.

MATAKAN GYARA SUNA

1. Ka nemi rahotonka. Dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahoton tarihin bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara. Ka nema daga kamfanonin uku, domin wani kan riƙe abin da wani bai riƙe ba. In ka ga bashin da ba naka ba, ko wanda ka riga ka biya, ka rubuta ƙorafi da hujja. In bankin ya yi biris, akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a Babban Banki.

2. Ka fuskanci tsohon bashi kafin ka nemi sabo. Ka je da ƙafarka, ka nemi a rarraba maka biya daidai ƙarfinka, a rubuce. Ranar da ka gama, ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, ka adana ta kamar takardar gona, sannan bayan wata biyu ka duba ko an gyara.

3. Ka fara da kaɗan. Kati ɗaya mai ƙaramar iyaka, ko kaya ɗaya na murabaha, ya wadatar. 'Ya'yanmu da ke Ingila ko Amurka suna iya farawa da katin da ake ajiye kuɗin jingina kafin a bayar.

4. Kada ka cika ma'auni. Masana suna ba da shawarar kada abin da ka ɗiba ya wuce kashi 30 cikin 100 na iyakarka. In naira 200,000 ce, ka tsaya a 60,000. Ka sayi abin da dama za ka saya da albashinka, kamar man mota ko kuɗin wuta. Zanen aro ba ya rufe katara.

5. Ka biya duka, kafin ranar. Ka ba banki umarnin ya riƙa cirewa da kansa da zarar albashi ya shigo, domin jinkirin albashi da matsalar na'ura ba uzuri ba ne a wajen kwamfuta.

6. Kada ka ciri tsabar kuɗi da katin bashi. A mafi yawan bankuna ruwa kan fara hawa tun daga ranar, ga kuma lada ta daban.

7. Kada ka bi ƙofa-ƙofa kana neman rance, domin ana ganin sawun masu duba rahotonka, kuma yawansu alamar matsuwa ce. Cin bashin wannan a biya wancan kuwa, haƙa rami ne domin cike rami. In dole sai ka karɓa ta waya, ka tabbata kamfanin yana cikin waɗanda hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta yi wa rajista, aikin da ta fara tun 2022.

8. Ka yi haƙuri. Sunan da ya ɓaci a wata uku yana iya ɗaukar shekara ko fiye kafin ya gyaru. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya goge maka suna a dare ɗaya, ɗan damfara ne. Sannu ba ta hana zuwa.

KIRA GA ƘUNGIYA

Wani zai ce, ni da ba na son bashi, ina ruwana da maki? Amsa ita ce, ƙasar tana tafiya ne zuwa inda suna mai kyau zai zama jari. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP domin sauƙaƙa wa ma'aikata sayen kaya a kan lamuni, ta kuma buɗe asusun NELFUND mai ba ɗalibai rancen karatu marar ruwa, wanda ake fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Mu ja kunnen 'ya'yanmu cewa wannan rance ne, kuma shi ne shafin farko na littafinsu. Mai casar shinkafa a Tudun Wada yana buƙatar sabon inji, manomin masara a Doguwa yana buƙatar taki a kan kari, masunci a Tiga yana buƙatar komarsa, ɗan kasuwa a Kiru yana buƙatar ƙarin jari. Dukiyar da za ta yi wannan tana bankunan birni, kuma ba za ta zo gida ba sai ta hannun waɗanda aka amince da su. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saboda haka ina roƙon shugabanni abu uku. Na ɗaya, 'ya'yanmu ma'aikatan banki su ware rana guda a kowane reshe su koya wa 'yan uwa yadda ake duba rahoto. Na biyu, adashin da muke yi a rassa a mayar da shi ƙungiyar gama kai mai rajista da littafi da shaidu, domin mai ƙaramar buƙata ya samu a gida ba tare da ruwa ba. Na uku, iyayenmu sarakuna da malamai su taimaka a rage tsadar biki da lefe, domin da yawa daga bashin 'ya'yanmu a nan aka haife shi.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Babu wanda zai yi wa wani dariya a wannan zaure, ni da na fara da labarin shaddata balle. Abin da nake fata shi ne, kowa in ya koma masaukinsa yau da dare, ya ɗauki takarda da alƙalami ya rubuta duk wanda ke bin sa, tun daga banki har mai shayin bakin layi, ya sa rana a gaban kowane suna, ya kuma sanar da iyalinsa inda takardar take, domin babu wanda ya san gawar fari.

Allah Ya biya wa mai bashi bashinsa, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da yankinmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a gafarce ni.